Ƙuri'ar coci a Amurka da rigimar auren jinsi: wa ya ci moriyar wa?

Ranar 2 ga Nuwamba 2004, da Amurkawa suka fita zaɓe tsakanin George W. Bush da John Kerry, masu ƙuri'a a jihohi 11 sun tarar da wata tambaya ta daban a jikin takardar zaɓe: a rubuta a kundin tsarin mulkin jiha cewa aure sai tsakanin namiji da mace, ko kada a rubuta? Duka jihohin suka ce a rubuta. A Mississippi kashi 86 cikin 100 ne suka amince. A Ohio, jihar da ta raba gardamar kujerar shugaban ƙasa a shekarar, kashi 62. Gari na wayewa masu sharhi suka ɗauka da baki ɗaya, wai coci ce ta mayar da Bush kan mulki. Shekara 11 bayan haka, ranar 26 ga Yuni 2015, Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi a dukkan jihohi 50. Alƙalin da ya rubuta hukuncin, Anthony Kennedy, Ronald Reagan ne ya naɗa shi, shugaban da waɗannan masu ƙuri'a suke yi wa kallon nasu na farko.

Mutanen da ake cewa su ke naɗa shugaba su sauke shugaba, yaya aka yi abin da suka fi ƙi ya zama doka a kan idonsu? A ganina an daɗe ana cuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Iya kawo ɗan takara kan kujera daban, iya hana al'umma sauya ra'ayi daban. Na farkon suna da shi har gobe. Na biyun ba su taɓa samunsa ba, kuma 'yan siyasar da suka hau bayansu sun riga su gane haka.

Ƙashin bayan wannan rukuni su ne fararen Kiristocin Ibanjelika, wato Furotesta masu ɗaukar Littafi Mai Tsarki a matsayin maganar Allah da ba a yi mata gyara, masu ba da ƙarfi ga sabuwar haihuwa da yaɗa bishara. Babbar ɗarikarsu ita ce Southern Baptist. A gefensu akwai Katolika masu riƙau, da mabiya cocin Mormon, da Yahudawa masu riƙo da gargajiyar addininsu. Yawansu bai kai amonsu ba. Cibiyar bincike ta PRRI ta ƙiyasta fararen Ibanjelika da kashi 23 na al'ummar Amurka a 2006, kuma zuwa 2020 sun sauko ƙasa da kashi 15. Amma in aka tambayi masu fitowa daga rumfar zaɓe, sai ka ga sun kai kashi ɗaya cikin huɗu ko kusa da haka. Suna fitowa, kuma wuri ɗaya suke zuba ƙuri'a: kashi 78 ga Bush a 2004, kusan kashi 80 ga Donald Trump a 2016.

Sirrin fitowar ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Babu jam'iyya ko ƙungiyar ƙwadago a Amurka da ke tara mutanenta sau ɗaya kowane mako, a gini ɗaya, gaban mutum ɗaya da suka yarda da shi. Coci tana yi. Tana da jerin sunaye, da motoci, da matan zumunta, da gidajen rediyo. Wata doka ta 1954 ta hana cocin da ba ya biyan haraji ya fito ya ce a zaɓi wane, amma an samo mata hanya tun da daɗewa. Ƙungiyar Christian Coalition, wadda mai wa'azin talabijin Pat Robertson ya kafa a 1989 bayan ya nemi takarar shugaban ƙasa bai samu ba, ta riƙa buga miliyoyin takardu ana rabawa a ƙofar coci ranar Lahadin da ke gaban zaɓe. Takardar ba ta cewa ka zaɓi kowa. Tana dai jera matsayin 'yan takara biyu kan zubar da ciki, da addu'a a makaranta, da batun 'yan luwaɗi. Mai ido ya gani.

Sai kuma tsarin zaɓen kansa, wanda yake ninka nauyinsu. Zaɓen fid da gwani na jam'iyya mutane kaɗan ke zuwa, kuma masu zafin aƙida ne suka fi zuwa. Sanatan Republican daga Alabama ko Oklahoma ba ya fargabar ɗan Democrat ya kayar da shi. Fargabarsa wani ya taso daga cikin gida ya ce ya yi sanyi a kan addini. Jihar Iowa, inda Republican ke fara tantance 'yan takarar shugaban ƙasa, cike take da su, shi ya sa Mike Huckabee, tsohon fasto, ya ci can a 2008, Rick Santorum a 2012, Ted Cruz a 2016. Ga kuma Majalisar Dattawa, inda kowace jiha ke da kujera biyu, ko tana da mutum miliyan 39 kamar Kalifoniya ko ba ta kai miliyan ɗaya ba kamar Wyoming. Abin lura a nan shi ne, cikin mutum ukun da suka ci Iowa babu wanda ya samu tikitin jam'iyya. Ko a gidansu, ikonsu na hana wanda ba sa so ya fi ikonsu na ɗora wanda suke so.

Da ba haka suke ba. A 1976 da yawansu Jimmy Carter suka zaɓa, ɗan Democrat, ɗan Baptist mai koyarwa a makarantar Lahadi. Abubuwa da dama suka raba su da shi. Akwai yunƙurin hukumar haraji a 1978 na janye rangwame daga makarantu masu zaman kansu da ake zargi da wariyar launin fata, da yawansu na coci ne a Kudu. Wasu masana tarihi suna ganin wannan ne ainihin abin da ya tunzura fastoci, kafin zubar da ciki ya zama tutarsu. Batun luwaɗi kuwa ya shigo da wuri. A 1977 gundumar Dade da ke Florida ta yi dokar hana nuna wa 'yan luwaɗi bambanci wajen aiki da haya. Mawaƙiya Anita Bryant ta jagoranci gangamin da ta ce na ceton yara ne, aka je ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 70 suka soke dokar. Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979 don shigar da masu riƙo da addini cikin siyasa. A Agusta 1980 Reagan ya tsaya gaban dubban masu bishara a Dallas ya ce musu ya san ba za su iya mara masa baya a fili ba, amma shi yana mara musu. Daga nan aka ƙulla.

Kada a ɗauka Republican kaɗai ke tsoronsu a lokacin. Da kotun Hawaii ta nuna alamar za ta buɗe ƙofar auren jinsi a 1993, majalisar tarayya ta yi maza ta yi dokar kare aure a 1996, wadda ta ce a idon gwamnatin tarayya aure na namiji da mace ne. A Majalisar Wakilai 342 suka amince, 67 suka ƙi. A Majalisar Dattawa 85 da 14, kuma cikin masu amincewa har da Joe Biden. Bill Clinton ya sa hannu ana saura makonni zaɓe. Ba wani abin mamaki: a shekarar, binciken Gallup ya nuna kashi 27 kacal na Amurkawa ke goyon bayan auren jinsi. A nan masu riƙo da addini ba wai sun murɗe hannun kowa ba ne, suna dai faɗin abin da mafi yawan jama'a suka yarda da shi, da murya mafi ƙarfi. Wannan bambanci ne mai muhimmanci, domin duk nasarorinsu na wancan zamani a kansa suka tsaya.

Mu koma 2004, don nan aka gina tatsuniyar. A Nuwamba 2003 kotun ƙolin Massachusetts ta halatta auren jinsi, aka fara ɗaurawa ranar 17 ga Mayu 2004. Karl Rove, mai tsara wa Bush dabarun siyasa, ya daɗe yana cewa Ibanjelika miliyan huɗu sun zauna gida a zaɓen 2000, kuma dole a fito da su. A Fabrairu 2004 Bush ya ce yana goyon bayan a gyara kundin tsarin mulkin ƙasa a hana auren. Ya ci Ohio da ratar ƙuri'a kusan 118,000, kuma da jihar ta faɗa hannun Kerry da shi ne shugaba. Aka tambayi masu fitowa daga rumfa abin da ya fi damunsu, kashi 22 suka ce tarbiyya da ɗabi'a, fiye da kowane zaɓi da aka ba su, kuma takwas cikin goma na waɗannan Bush suka zaɓa.

Labarin ya yi daɗin faɗi, amma in ka matsa shi sai ya fara yoyo. A wannan tambayar an raba ta'addanci da yaƙin Iraƙi gida biyu, ɗaya ya samu kashi 19, ɗaya 15. In ka haɗa su sun ba tarbiyya rata mai yawa. Sannan Michigan da Oregon sun amince da haramcin auren jinsi, a rana ɗaya kuma suka zaɓi Kerry. A Ohio kanta haramcin ya samu kashi 62, Bush bai kai 51 sosai ba, ma'ana ɗimbin 'yan Democrat sun ce a'a ga auren jinsi, sun kuma ce a'a ga Bush. Masana siyasar da suka bi alƙaluman gunduma-gunduma ba su daidaita ba: wasu sun ga ɗan tasiri, wasu ba su ga komai ba. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne ƙuri'ar baƙaƙen fata da Bush ya samu a Ohio ta tashi daga kashi 9 a 2000 zuwa 16, kuma a zaɓe mai ƙaramar rata irin wannan ba abin rainawa ba ne. Amma tasiri a gefe daban, naɗa shugaba daban.

To me ya sa tatsuniyar ta zauna? Saboda kowa ta yi masa amfani. Shugabannin ƙungiyoyin addini suna son a yarda su suka yi aikin, don su je karɓar lada. 'Yan Democrat kuma ya fi musu sauƙi su ce coci ta kayar da su, da su ce jama'a ba su amince wa ɗan takararsu da tsaron ƙasa ba. Ladan kuwa bai zo ba. Gyaran kundin tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38, kuma a 2004 da 2006 ko ƙuri'a 50 bai samu a Majalisar Dattawa ba. A Janairu 2005, tun kafin a sake rantsar da shi, Bush ya nuna ba zai ɓata ƙarfinsa a kan batun ba, ya juya kan gyaran tsarin fansho. Lamarin ya zama tamkar adashi: kowane zaɓe su yi zubi, in ranar kwasa ta zo a ce musu uwar adashi ta yi tafiya. Ken Mehlman, wanda ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Bush a 2004, ya fito a 2010 ya ce shi kansa ɗan luwaɗi ne, ya koma yi wa auren jinsi kamfe.

Inda ƙarfinsu ya fi fitowa tsantsa shi ne ƙuri'ar raba gardama, inda babu ɗan takara a tsakani. A 2008 Barack Obama ya ci Kalifoniya da kashi 61, amma a takarda ɗaya kashi 52 suka soke auren jinsi da kotun jihar ta halatta watanni kaɗan kafin nan. Bishof-bishof na Katolika, da cocin Mormon wanda mabiyansa suka zuba miliyoyin daloli, da cocin Ibanjelika, da cocin baƙaƙe da na 'yan asalin Latin Amurka, duk suka haɗu. Wannan ya tona wani abu da 'yan Democrat ba sa son a faɗa: riƙo da addini ba na jam'iyya ɗaya ba ne. Tsohuwar da ke zuwa cocin baƙaƙe a Atlanta tana iya yarda da faston Southern Baptist kalma da kalma a kan aure, amma ba za ta zaɓi ɗan takararsa ba, don tana da wasu lissafe-lissafen da suka fi mata nauyi, na tarihi da na tukunya. Obama ya san da haka. A 1996, yana neman kujerar majalisar jihar Illinois, ya amsa a rubuce cewa yana goyon bayan auren jinsi. A 2008, a cocin fitaccen faston Ibanjelika Rick Warren, ya ce aure na namiji da mace ne. Mashawarcinsa David Axelrod ya bayyana a 2015 cewa lissafin siyasa ne, musamman gudun ɓata wa cocin baƙaƙe. A Iowa kuma, bayan kotun ƙolin jihar ta halatta auren a 2009 ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba, masu ƙuri'a sun tuɓe uku daga cikin alƙalan a 2010, har da babbar jojin jihar.

Fiye da sau 30 aka kai batun gaban jama'a a jihohi, kusan kullum masu haramci ke ci. Na ƙarshe shi ne North Carolina a Mayu 2012, da kashi 61. Washegari Obama ya fito ya ce yana goyon bayan auren jinsi. A Nuwamba na shekarar Maine da Maryland da Washington suka halatta shi da ƙuri'ar jama'a, Minnesota ta ƙi haramci, Obama kuma ya sake cin zaɓe. Makamin da ake tsoro ya daina yanka.

Abin da ya sauya ba dabarar kamfe ba ce, mutane ne. Annobar ƙanjamau ta shekarun 1980 ta sa iyalai da yawa sun san abin da 'ya'yansu ke ɓoyewa, kuma bayanta masu neman jinsi suka ɗauki bayyana kai a matsayin dabarar siyasa. Mutum yana iya jefa ƙuri'a kan baƙon da bai sani ba cikin sauƙi, amma in ɗan 'yar'uwarsa ne sai hannu ya yi nauyi. Sanata Rob Portman na Ohio, ɗan Republican da ya goyi bayan dokar 1996, ya sauya matsayi a 2013 bayan ɗansa ya gaya masa. Sannan cocin kanta tana raguwa. Waɗanda suke cewa ba su da addini sun tashi daga kashi 16 a 2007 zuwa 29 a 2021, a ƙididdigar cibiyar Pew. Ko a cikin masu addini bango ya tsage: zuwa 2019 kusan Katolika shida cikin goma suna goyon bayan auren jinsi, duk da koyarwar cocinsu ba ta motsa ba. Gallup ta ga goyon baya ya haye rabi a 2011, ya kai kashi 71 a 2022. Da wuya ka sami wani batu a siyasar Amurka da ra'ayi ya juya da irin wannan sauri.

Akwai kuma masu kuɗi, ɗaya ƙafar da jam'iyyar Republican ke tsaye a kai. A 2015 gwamnan Indiana Mike Pence, wanda ba a shakkar riƙonsa da addini, ya sa hannu a dokar 'yancin addini da masu suka suka ce za ta ba 'yan kasuwa damar korar 'yan luwaɗi. Manyan kamfanoni irin su Apple da Salesforce suka taso, cikin mako guda aka yi wa dokar kwaskwarima. A North Carolina dokar banɗaki ta 2016, wadda ta hana masu sauya jinsi shiga banɗakin jinsin da suka koma a gine-ginen gwamnati, ta sa hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ɗauke babban wasanta daga Charlotte, kuma gwamna Pat McCrory ya faɗi zaɓe da ƙuri'a kusan 10,000 a ranar da Trump ya ci jihar. Duk inda fasto da mai kamfani suka ja, sau da yawa mai kamfani ke tafiya da igiyar.

Shugabannin wannan tafiya ba wawaye ba ne, sun karanta abin da ya faru. Kennedy da Reagan ya naɗa shi ne ya rubuta manyan hukunce-hukunce huɗu da suka rusa musu gini: na 1996 da ya soke dokar Colorado mai hana ba 'yan luwaɗi kariya, na 2003 da ya soke dokokin hukunta luwaɗi, na 2013 da ya karya dokar kare aure, da na 2015. Darasin da suka ɗauka shi ne alkawarin ɗan siyasa iska ne, alƙali kuwa yana zama har mutuwa ko ritaya, don haka dole a san shi ciki da waje kafin a naɗa. Da alƙali Antonin Scalia ya rasu a Fabrairu 2016, Mitch McConnell, shugaban masu rinjaye na Republican a Majalisar Dattawa a lokacin, ya ƙi ko sauraron wanda Obama ya gabatar, kujerar ta zauna babu kowa har zaɓe. Trump, mai aure uku, tsohon mai gidajen caca, wanda ba wanda zai ce ya san hanyar coci, ya yi abin da ba a saba ba: ya fitar da jerin sunayen waɗanda zai zaɓa daga ciki. Ciniki ne a fili. A 2011 kashi 30 na fararen Ibanjelika ne suka ce mai lalata a rayuwarsa ta sirri zai iya riƙe amanar ofis. A 2016 sun kai 72. Wasu suna kiran wannan munafunci. Ni ina ganin mutane ne da suka gaji da zaɓen mai addu'a irin tasu, suka koma neman mai cika alkawari. Trump ya ci Michigan da Wisconsin da Pennsylvania da ratar da ba ta kai 80,000 ba gaba ɗaya, kuma a nan, fiye da 2004, ana iya cewa ba don su ba da bai hau ba.

Ya naɗa alƙalai uku. A kan zubar da ciki sun samu abin da suka nema shekara kusan 50, da hukuncin Yuni 2022 da ya soke 'yancin zubar da ciki a matakin tarayya. A kan 'yan luwaɗi kuwa abin ya zo da gauraye. Neil Gorsuch, na farkon da Trump ya naɗa, shi ne ya rubuta hukuncin 2020 da ya ce korar ma'aikaci don ɗan luwaɗi ne ko don ya sauya jinsi ta saɓa wa dokar hana wariya ta 1964. Abin da kotun ke ba su shi ne kariya: mai yin kek a Colorado da ya ƙi yin kek ɗin auren jinsi ya yi nasara a 2018, hukumar renon marayu ta Katolika a Philadelphia da ta ƙi ba masu auren jinsi riƙon yara ta ci a 2021, mai tsara shafukan intanet da ba ta son yin na auren jinsi ta ci a 2023. Dubi nisan tafiyar. A 2004 buƙatarsu ita ce a hana kowa. Yanzu buƙatarsu ita ce kada a tilasta musu sa hannu. Wannan magana ce ta marasa rinjaye, kuma ita ce ta fi samun karɓuwa wurin alƙalai da jama'a.

Da alƙali Clarence Thomas ya rubuta a 2022 cewa ya kamata a sake duba hukuncin 2015, majalisa ta amsa da dokar mutunta aure, wadda ta wajabta wa gwamnatin tarayya da jihohi su amince da auren da aka ɗaura bisa doka a wata jiha. Sanatoci 61 suka amince, 12 daga ciki 'yan Republican. Cocin Mormon, wanda ya yi ruwa ya yi tsaki a Kalifoniya a 2008, ya goyi bayan dokar, bayan an sa sharaɗin cewa ba za a tilasta wa cibiyoyin addini ɗaura irin wannan aure ba. Biden da ya zaɓi dokar 1996 shi ya sa hannu a wadda ta soke ta. A 2024 jam'iyyar Republican ta cire sukar hukuncin 2015 daga kundin manufofinta, Trump ya naɗa Scott Bessent, mai auren jinsi, sakataren baitulmali, kuma Ibanjelika ba su fasa ba shi kusan takwas cikin goma ba. Ina za su je? Rukunin da kowa ya san ba shi da wata ƙofa, farashinsa faɗuwa yake yi.

Faɗan bai mutu ba, ya ƙaura ne zuwa inda har yanzu suke tare da rinjaye: sauya jinsi, musamman ga yara, da wasannin mata, da abin da ake koyarwa a firamare. Tallan da aka fi yayatawa na Trump a 2024 kan wannan ne, ba kan aure ba. A nan ne kuma suka sami abokan da ba a zata ba. A Hamtramck ta jihar Michigan, majalisar gari da dukkan mambobinta Musulmi ne ta hana kafa tutar 'yan luwaɗi a kadarorin gwamnati a 2023, abin da ya ɓata wa masu sassaucin ra'ayi da suka yi murnar hawansu. A gundumar Montgomery ta Maryland iyaye Musulmi da Kirista ne suka kai ƙara tare, suna neman a bar su su cire 'ya'yansu daga darasin da ake karanta littattafan da ke nuna irin wannan rayuwa, kuma Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a Yuni 2025, alƙalai shida da uku. Amma kada a yi saurin cewa Musulmin Amurka sun koma ɗaki ɗaya da Ibanjelika. Nasarar Trump a Dearborn a 2024 yaƙin Gaza ne ya fi kawo ta. Kuma binciken Pew na 2017 ya nuna kashi 52 na Musulmin Amurka suna ganin al'umma ta karɓi 'yan luwaɗi, daga kashi 27 a 2007, adadin da ya fi na fararen Ibanjelika. Iskar da ta kaɗa coci ba ta tsallake masallaci ba.

Rigimar ta taɓo mu ta ƙofar coci. Bayan cocin Episcopal na Amurka ya naɗa Gene Robinson bishof a 2003, wasu majami'u a Virginia sun ɓalle a 2006 suka shiga ƙarƙashin cocin Angilikan na Najeriya zamanin Peter Akinola. A babban taron cocin United Methodist na 2019, ƙuri'ar wakilan Afirka ce ta taimaka wa masu riƙau suka ci da 438 da 384, haramcin ɗaura auren jinsi da naɗa 'yan luwaɗi fastoci ya tsaya. Daga baya kusan kashi ɗaya cikin huɗu na majami'unsa a Amurka suka fice, aka ɗage haramcin a 2024. Amma a fagen zaɓe ba a kwatanta mu da su. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014, mai hukuncin ɗaurin shekara 14, ba ta raba manyan jam'iyyu ba, kuma batun da kowa ya yarda da shi ba ya ƙara wa ɗan takara ƙuri'a. A Amurka ya yi aiki ne a shekarun da ya raba 'yan Democrat gida biyu ya bar Republican a dunƙule. Da ya fara raba Republican, sai masu tsara kamfe suka ajiye shi.

Ko sun ajiye shi har abada, wannan ne ba a gama ba. Goyon bayan auren jinsi a cikin 'yan Republican ya kai kashi 55 a 2022, sai ya sauko zuwa 41 a 2025, duk da a ƙasa baki ɗaya yana kashi 68 a shekarar. A Yuni 2025 taron Southern Baptist a Dallas ya zartar da ƙudurin neman a soke hukuncin 2015. Haramcin da aka rubuta a kundin jihohi da dama a shekarun 2000 yana nan ba a goge ba, hukuncin kotu ne kawai ya danne shi. Shi ya sa Nevada ta goge nata a 2020, Kalifoniya da Colorado da Hawaii suka bi a 2024. Kim Davis, ma'aikaciyar gunduma a Kentucky da aka tsare kwana biyar a 2015 saboda ta ƙi ba da takardar auren jinsi, ta roƙi Kotun Ƙoli ta soke hukuncin gaba ɗaya. A Nuwamba 2025 kotun, mai alƙalai shida da shugabannin Republican suka naɗa, ta ƙi sauraron ƙarar.